Hinda, Wadda Ke Taka Gona Kafin Ta Rera

Idan kaka ta kankama, an ɗaure gero, wake ya soma bushewa a gona, Inna Hinda ba ta karya kumallo a gida. Tana idar da sallar asuba sai ta ɗaura tsohon zanenta na aiki, ta ƙulle ƙuli-ƙuli a haɓarsa, ta ɗauki sanda da goran ruwa, ta fita bayan garin Waca. Wanda bai san ta ba sai ya ce gonarta za ta. Gonarta kuwa ƴar mitsitsiya ce, tun tuni ta kwashe ta. Gonakin mutane take bi ɗaya bayan ɗaya. Ta duƙa ta tsinki kwanson wake ta murza a tafin hannu, ta duba harawa an naɗe ko tana shimfiɗe, ta ga dawar wane tana tsaye ko an sare. In ta tarar da mata suna tsinka sai ta tambaye su kwana nawa ya rage musu. Maza ba ta tambayarsu. Ta ce namiji kullum "gobe" yake cewa, kuma goben namiji tana iya kai mako.

Haka take yi kwana goma sha biyar, wani lokaci ashirin, yau arewa gobe kudu, har ta dangana da ƙauyukan da ke wajen Guci. Inda ƙafa ta gaza sai ta roƙi mai amalanke ya rage mata hanya. Sai ta gama zagayen nan kakaf sannan ta zauna a gindin turmi ta haɗa waƙa. Shekara talatin da huɗu ke nan tana wannan aiki. Ba wanda ya naɗa ta, kuma babu takardar da ke ɗauke da sunanta a wani biro, wato ofishin hukuma. Bana ta ce ta ajiye, gwiwa ta ƙi. Shi ya sa na ɗauki bik na rubuta wannan tun tana raye, don a karanta mata, ta gyara mini inda na yi ƙari.

Ga wanda ba ɗan nan ba, bari in faɗi abin da waƙar take yi. Kowace shekara hukuma da sarakuna sukan zauna su sa ranar sakin gonaki, ranar da makiyaya za su iya shigo da shanu su ci kara da ragowar harawa. A sanar a radiyo, kowa ya ji. Wannan daidai ne, ban da ta cewa. Sai dai ranar guda ɗaya ce, ruwan sama kuwa ba rana ɗaya ya sauka a kowace gona ba. Akwai wanda ya yi shuka a makare, akwai wadda mijinta ya rasu ita kaɗai take tsinka, akwai kuma malalaci. Su kuma shanu sun sauko daga arewa da yunwa, suna tsaye a burtali suna kallon wake. A wannan ɗan tsakanin ake fasa kai.

Inna Hinda ta san ciwon ta kowane ɓangare. Mahaifinta manomi ne, mahaifiyarta ƴar ruga ce. Takan ce ita fura da nono ce, in ka raba ta ba ta shayuwa. Tana sabuwar amarya kawunta na ruga da ƙanen mijinta suka yi karo a kan gonar wake, ɗaya ya rasa ido, gida biyu suka yi shekaru ba gaisuwa. Bayan ƴan shekaru, da wata kaka ta zo, sai ta zagaya gonakin unguwarsu, ta zo bakin rijiya ta rera abin da ta gani, kamar da wasa. Matan ruga masu tallar nono suka ɗauka suka kai wa mazansu. Mazan suka bi abin da waƙar ta faɗa, shekarar ba a yi faɗa ba. Daga nan abin ya zama al'ada: ranar hukuma ta zo, makiyayan yankinmu su ƙara haƙuri har su ji ta Hinda.

Ga kaɗan daga wata da na riƙe a ka:

Yamma da rijiya an kwashe, Sambo kora,
Gabas da tafki a dakata, wake na nan,
Mai sunan Malam ya gama, Allah Ya amfana,
Yakura na tsinka ita kaɗai, ina mazan gari?
Goni ya bar dawa a tsaye, tabarma ta riƙe shi.

Yakurar da aka ambata, bazawara ce mai ƴaƴa ƙanana. Ita ta faɗa mini da bakinta cewa washegarin fitar waƙar nan ta tarar da mutum goma sha ɗaya a gonarta, kunya ta koro su, kafin la'asar an kwashe mata tas. Shi kuwa Goni, manomi ne mai ƙarfi kamar sa, amma yana da son inuwa. Sau bakwai yana shiga waƙar Hinda. Ya taɓa kai ƙararta wurin mai gari, mai gari ya tambaye shi, "To, dawar tana tsaye ko an sare?" Ya ce tana tsaye. Aka ce ya tafi ya sare. Sambo, wanda shi ne babba a rugar da ke sauka kusa da tafki, ya ce mini shi ko ɗansa ya ce masa gona ta kwashe sai ya sake tambaya, amma in Inna ta faɗa, rufe ido yake ya kora.

Ke ce, Inna, kika mai da tsegumi aikin lada. Kowa ya san abin da ke gonar maƙwabcinsa, amma ke kaɗai kika ɗauki wahalar zuwa ki gani, kika kuma yarda a tsane ki kwana biyu don kada a binne wani. Hinda ta Malam, ƙafa kafin baki.

Da farko matan tallar nono ne ke yaɗa waƙar. Daga baya aka zo da kasat, sannan wata ƴar tashar radiyon ƙauye ta riƙa ɗauka tana sakawa. Da wayoyi suka cika gari sai abin ya zama kamar wutar daji: ta rera da safe, kafin azahar an ji a Magariya. Kowa ya ce ci gaba ya zo. Ni ma na faɗa, duk da cewa ni mutum ne mai zargi. Shekara talatin na yi ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, kuma aikin mushe, yadda ake kiran malamin makaranta a nan, ba abin da yake koya wa mutum kamar zargi. In yaron da jiya bai iya haɗa jimla ba ya kawo maka rubutu sumul babu ko gogewa, kada ka yi murna, ka nemi wanda ya zauna kusa da shi.

Bara ne abin ya faru. Damina ta makara a gabas, wake bai gama bushewa ba. Ranar hukuma ta zo ta wuce, Inna Hinda na kwance, gwiwa ta kumbura, ko bakin ƙofa sai an riƙe ta. Ta aika ruga cewa a yi mata haƙuri. Shanu na tsaye a burtali suna ramewa.

Ranar kasuwa na shiga motar haya daga Magariya zan koma gida, sai direba ya kunna waƙa. Na ji muryar Hinda tar, babu kaki babu tari, kamar an cire mata shekara ashirin. Gabas an kwashe, yamma an kwashe, kudu da arewa duk an kwashe, makiyaya bismilla. Ba a tsokani kowa ba, ko Goni bai samu shiga ba. Nan take hancina ya shaƙi wani abu, na ce da walakin, goro a miya. Matar da ke kwance yaushe ta taka gonaki? Zargina ya tashi daidai, amma ya sauka a inda bai kamata ba. Na buɗe baki a cikin mota, gaban mutum goma sha, na ce, "An sayi tsohuwar nan. Jinin uwa ya ja ta." Na faɗa, kuma wasu suka gyaɗa kai don mushe ne ya faɗa. Har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Washegari da sassafe shanun Sambo suka shiga gabas da tafki. Kafin a ankara sun share rabin waken Yakura, sun tattake sauran.

Da hantsi ƙofar mai garin Waca ta cika, ni ma da na ji labari na taho. Manoma a gefe guda, kowa da sanda ko lauje kamar daga gona yake, alhali kowa ya san ba daga gona yake ba. Makiyaya a ɗaya gefen, su ma ba hannu rabbana suka zo ba. Mata sun tsaya daga baya jikin katanga.

Sambo ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, mu ba da ƙarfi muka shiga ba. Ranar hukuma ta wuce da kwana shida muna tsaye, shanu har ƙasa suke lasa. Muka ce sai Inna ta yi magana. To, ga maganar Inna." Ya ciro waya ya kunna.

Goni ya daka tsalle. "Kun ji ko! Shekara nawa tana sa ana mini dariya a gari, ashe ita ma tana da farashinta!"

Aka aika aka ɗauko ta a amalanke, ƙafa a naɗe da tsumma. Aka zaunar da ita a tabarma, aka sake kunna mata. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, wallahi bana ban taka gonar kowa ba, kuma ban yi waƙa ba."

"To aljani ne ya ari bakinki?" in ji Goni.

Ina tsaye kusa da Inna Hinda a lokacin. Daga baya ta gaya mini cewa a wannan lokacin har ita kanta ta fara zargin kanta, ta ce ko cikin zafin zazzaɓi ne ta yi sambatu wani ya ɗauka. Ku duba wannan da kyau. Mace mai hankalinta, wadda ba a taɓa kama ta da ƙarya ba, an kai ta inda take tambayar kanta ko ta faɗi abin da ba ta faɗa ba. Samari sun fara matsowa, wani ya riga ya ɗaga murya a kan wani, mai gari na ta cewa a zauna ba mai ji.

Sai wata murya ta fito daga jikin katanga. Fadi ce, matar Sambo, wadda ta yi shekara ashirin tana ɗaukar waƙar Hinda a ka tare da ƙwaryar nono tana kai wa ruga.

"A sake kunna mana wurin tafkin nan," in ji ta.

Aka mai da baya. Muryar ta rera: gonar Adamu ta bakin tafki an kwashe.

Fadi ta dafa ƙirji. "La'ilaha illallahu! Jama'a, Hinda ce ta kama wannan sunan?"

Mata suka kalli juna, aka fara gunaguni, sai kuma dariya ta ɓarke a jikin katanga, mu maza muna tsaye kamar gumaka ba mu gane ba. Adamu sunan mijin Hinda ne. Akwai wani Adamun daban mai gona a bakin tafki, kuma duk shekara yana shiga waƙa, amma "mai sunan Malam" take ce masa. Mace ce ta dā, mai kunya irin ta iyayenmu, ba ta kama sunan miji. Tata ma har ta yi yawa, don ko "ɗan Adam" ba ta faɗa, sai dai "ɗan mutum". Mata duk sun san haka, suna ma tsokanarta da shi a gidan biki. Mu da muke ji da ilimi, shekara talatin muna sauraron waƙar ba mu lura ba.

Malam Adamu, mijin nata, yana zaune can gefe. Tsoho ne mai tufkar igiya, in ka ji maganarsa sau biyu a wuni to an yi baƙi. Ya gyara murya ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara arba'in da ɗaya ina tare da matar nan. Ranar da na faɗa rijiya ma, 'Malam! Malam!' ta dinga ihu, har mutane suka rasa wane malamin za su ciro. In kun ji an kama sunana, to ba bakin gidana ba ne."

Dariya ta kama har masu sanduna. Sanda kuwa ba ta dukan mutum in mai ita na dariya. Aka zauna, mai gari ya yanke maganar ɓarna yadda aka saba, Sambo ya karɓa ba gardama. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Yakura na zaune ta zuba tagumi, don dariya ba ta mai da wake cikin kwanso.

Bin sawun waƙar bai yi wuya ba. Sambo daga surukinsa ya samu, surukin kuma daga rumfar Mas'udu a kasuwar Magariya. Mas'udu magidanci ne mai ƴaƴa biyar, yana gyaran waya, yana tura wa mutane waƙoƙi da karatu. Na koyar da shi, kuma ban san shi da mugunta ba. Ni na je na taho da shi gaban Inna bayan kwana uku. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa da tabarma.

"Inna, wallahi ba da mugun nufi na yi ba. Mutane ne suka dame ni, kowa ya zo sai ya ce ina waƙar bana. Na ji kina kwance, na ce bari in ɗauke miki nauyi. Akwai wani abu yanzu a waya, ƙirƙirarriyar basira ake ce masa. Tsofaffin waƙoƙinki na ba shi ya saurara, na rubuta masa sunayen gonaki, na ce ya yi ta bana. Ko minti biyar bai cika ba."

"Minti biyar," in ji ta. "Sannu da aiki. To, shi abin naka, ya je gonar Yakura?"

"Inna, ai ba ya tafiya."

"Ya murza wake?"

Mas'udu ya sunkuyar da kai.

"To me ya gani da ya ce an kwashe?"

"Ni na gaya masa. Na ga ranar hukuma ta wuce, sai na ɗauka..."

"Ɗan nan, kai ka ɗauka waƙa a maƙogwaro take. Maƙogwaro ai shi ne na ƙarshe. Kwana ashirin ƙafata ke yi tana haɗa ta, baki ɗan aike ne."

Ya ɗago yana neman abin da zai faranta mata, ya ce, "Amma Inna, ki duba, ko bayan ranki muryarki na nan, ana iya yin sabuwa duk shekara."

Ta dube shi har sai da ya kau da ido. "Bayan raina wa zai taka gonar? Muryar da za ta ce wa shanu su shiga alhali mai ita na cikin kabari, Allah Ya raba ni da ita."

Ta yafe masa a nan take, har ta sa aka dama masa fura. Amma a hanyarmu ta komawa tasha ya faɗi wata magana cikin rashin sani, wadda ta fi komai tsaya mini a rai. Ya ce, "Mushe, ka san da na san maganar sunan nan, da 'mai sunan Malam' zan rubuta masa. Wallahi da ba wanda zai gane."

Gaskiya ya faɗa, kuma a nan gizo ke saƙar. Kunyar tsohuwa ce ta cece mu, ita ma don Mas'udu bai san da ita ba. Yanzu kowa ya sani. Wanda zai yi na gaba ba lalle ya zama mai neman taimako ba. Yana iya zama mai jin haushin wani, ko mai son a kori ruga daga bakin tafki, ko ɗan siyasa mai neman a yi hayaƙi. Shi ba zai yi kuskuren sunan ba.

An ce mini abin nan yana da amfani, yana taimakon likita, yana fassara takarda. Ban musa ba, ban dai gani ba tukuna. Abin da na gani da idona shi ne ya haɗiye aikin shekara talatin na wata baiwar Allah ba tare da ya yi mata sallama ba, ya fito da shi sumul, ya zubar da wahalar ya riƙe zaƙin. Na ga mai rubuta allon butik, wato shago, a Magariya yana zaune yana korar ƙuda, don yanzu zane daga waya yake fitowa. Na ga jikana ya kawo mini waƙar da ya ce shi ya rubuta, na ce ya faɗa mini ma'anar baiti na biyu, ya tsaya yana sosa ƙeya. Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa, ba ka da wanda za ka kama. In Hinda ta yi ƙarya an san ƙofar gidanta, za a ɗauko ta ko a amalanke ne. Shi wannan abin ba shi da ƙofar gida, ba shi da suruki da zai ji kunya, kuma ba zai haɗu da Yakura a bakin rijiya ba.

Da ƙafa ta yi sauƙi, Inna Hinda ta sa aka kai ta kasuwar Guci. Ta tsaya wajen rumfar masu nono inda mutanen gari da na ruga ke cakuɗuwa, ta ce, "Jama'a, ku shaida. Daga yau duk waƙar da ba ku ga bakina yana motsi ba, ba tawa ba ce. Ko tawa ce, ba tawa ba ce. Wadda ta ji daga bakina ta kai wa rugarsu da nata bakin, in ta ƙara gishiri an san ta." Sannan ta roƙi duk mai muryarta a waya ko a kasat, don Allah don Annabi, ya goge.

Wannan roƙon ya yi wa mutane nauyi. Mai radiyon ƙauyen ya zo har gida ya ce tarihi ne, ba a goge tarihi. Ƴarta Hanan ta yi kuka, ta ce, "Inna, jikokinki fa? Me za mu kunna musu?" Ta ce, "Ki rera musu da bakinki, ai ba kurma na haifa ba. In na bar wa abin nan hatsi, gobe ma zai yi tuwo." Na gaya mata gaskiya, na ce Inna, abin da ya shiga waya ba ya fita duka, wani zai ɓoye. Ta ce ta sani. Ta ce ita dai ranar da za a tambaye ta gobe kiyama, tana so ta ce ta hana.

Ke ce, Inna, aka yi wa tayin abin da mawaƙa ke mafarki, murya mara tsufa mara mutuwa, kika ce a kai kasuwa. Kin gwammace a manta da muryarki a kan a yi ƙarya da ita. Ni ban san mutum biyu da za su iya wannan ba, kuma ban sa kaina a ciki ba.

Bana ta yi zagayenta na ƙarshe. Mas'udu ya rufe rumfa kwana huɗu yana ɗaukarta a babur, in sun isa iyaka ta sauka ta dogara sanda ta shiga da ƙafarta. Mata biyu suka bi ta, Ruma'isa daga cikin gari da Mariya daga ruga, dukansu matan aure masu ƴaƴa, tana nuna musu yadda ake gane waken da ya bushe da wanda rana ta yaudara. Ranar da ta rera a kasuwa muryar ta shaƙe sau biyu, ta tsaya ta yi tari, ta sha ruwa, ta ci gaba. Ba wanda ya ɗaga waya. Wani baƙo ya gwada, Goni ne da kansa ya dafa masa hannu, duk da cewa a baiti na huɗu an sake ambaton dawarsa. Sambo ya taho tun daga bakin tafki don ya gani da idonsa, shanunsa na can sun ƙara kwana uku a tsaye. Sai da ta rufe baki sannan ya juya ya tafi kora.

Ban ce hankalina ya kwanta ba. Ban san ko Ruma'isa da Mariya za su jure rana da ƙaya ba, ban san ko ƴaƴan Sambo za su yi haƙurin ubansu ba, in waya ta ce musu a shiga. Abin da zan roƙa ɗan kaɗan ne. Duk mai sana'ar baki ko ta alƙalami a cikinmu, mawaƙi ne, mai wa'azi ne, mai labarai ne, ko tsohon mushe irina, ya je ya murza waken kafin ya ce an kwashe. Mu kuma masu sauraro, in mun ji abu ya yi sumul da yawa, mu tambayi wa ya gani, ina ƙofar gidansa. Kuma kada zarginmu ya fara sauka a kan wanda ya yi mana shekara talatin yana gaskiya.

Na je na gaya mata abin da na faɗa a mota. Ta ce ai tun a ranar ya iso mata, direban ɗan ƙawarta ne. Ta ce ta yafe. Sai ta miƙo hannu ta ce, "Mushe, an ce kai ne ka fi kowa tara waƙoƙina. Ka goge?"

Ban goge ba. Goma sha tara nake da su, har da wadda ta yi shekarar da mahaifiyata ke raye, ana jin dariyar tsohuwar a bayan waƙar. Na ce mata wannan ɗayar dai a bar mini. Ta ce, "Allah Ya ji ƙan ta. Da tana nan, me za ta ce maka?" Na zauna a gabanta na bi su ɗaya bayan ɗaya ina gogewa, na bar waccan a ƙarshe, na saurare ta sau ɗaya, sannan na danna.

Mun gode, Inna Hinda. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba gwiwa lafiya, Ya sa takun da kika yi a gonakin mutane ya zama nauyi a mizaninki. Yanzu in ina son jin muryarki sai in shiga mota in tafi Waca, in tsaya a zaure in yi sallama, in jira ki amsa. Ku ma ku je tun tana amsawa.